Baturiyar da ke Cikin Wayar Malam Sulle

An zalunce ni, jama'a. Tun da aka kafa Karaye ba a taɓa yi wa ɗan'adam irin abin da aka yi mini ba, kuma in da ana kai ƙarar muryar da ba ta da jiki, da yanzu ina gaban alƙali da shaidu arba'in. Wata Baturiya ce da ban taɓa gani ba, ban san iyayenta ba, ban taka mata ko tabarma ba, ta zauna cikin waya ta rushe mutuncin da na yi shekara hamsin da biyu ina ginawa. Ni Liti Mai Hula! Ni da in na kafa hula na ratsa kasuwa, masu tireda ke leƙowa su ga yadda ake karya ta!

Ga yadda abin ya faro. Ɗana Hanif, malamin firamare ne a Kwanyawa, ya ga Sadiƙa 'yar Malam Sulle na Jajaye ta can ƙasar Rogo, suka daidaita kansu. Mun je gaisuwa sau ɗaya, an karɓe mu, aka ce sai an gama kaka za a sa rana. Malam Sulle dattijo ne manomin gyaɗa, kunnensa ɗaya ya ɗan yi nauyi, kuma ba ya buɗe baki sai ya yi gyaran murya sau biyu ya ce, "To, a zamaninmu..."

Ranar wata Litinin da hantsi ina rumfata, na dasa huluna a kan gungume suna shan rana, 'yan majalisa sun cika benci, sai na ce bari in kira surukin nawa a gabansu su ji yadda manya ke gaisawa. Waya ta yi ta ringi, ba a ɗauka ba. Can sai ga muryar wata mata tana Turanci ta hanci, sannan wani abu ya yi ƙara, ƙit. Na jefa wayar aljihu.

"Ya ƙi ɗauka, tsohon nan," na ce. "Yana can yana ba wani labarin zamaninsu."

Aka yi dariya. To ni fa wannan ita ce cutata, in aka yi mini dariya ɗaya sai na nemi goma. Na miƙe na ranƙwafa, na yi tarin Malam Sulle, na yi tafiyarsa, na yi gaisuwarsa da ke kaiwa har kan jakin maƙwabta. Daga nan na gangara kan kunun gyaɗar da aka kawo mana ranar gaisuwa. Har Allah ya sa na rufe da cewa ai alfarma na yi musu da na ba su ɗa kamar Hanif.

Nuruddeen mai gyaran waya, wanda rumfarsa ke jikin tawa, shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ido ya zuba wa aljihuna.

"Kawu Liti, ka kuwa katse kiran nan?"

Na zaro waya. Lambobi na ta tafiya a fuskarta: minti huɗu da wani abu.

"Ai ba a ɗauka ba," na ce.

"An ɗauka mana. Matar nan cewa ta yi ka bar saƙo. Duk abin da ka faɗa ta naɗe, yana can cikin akwatin saƙon murya na Malam Sulle."

Wallahi sai da na ji hular kaina ta yi mini yawa.

"A goge shi!"

"Daga nan ba ya goguwa. Sai da wayarsa a hannu." Ya nuna mini a tawa: a kira lamba kaza, matar ta yi magana, saƙo ya fara, a danna bakwai, shi ke nan ya tafi. "Amma Kawu, tsaya ka ji, akwai abu biyu..."

"Yaro, ina riƙe waya tun kana tsotson yatsa. Bakwai ce dai ko? An gama."

Yanzu ku dubi matsalar. Ba a zuwa wurin suruki a ce masa miƙo wayarka. Amma in wayar kowa ake karɓa, wa zai ce don tasa aka zo? Kafin azahar na gama tsara dabarar da har yau in na tuna ta sai in ji ina son in yi wa kaina tafi.

Washegari na fito da zannata ta Sallah, na rataya tsohuwar jakar Hanif, na zuba buroshi da ƙyalle da wani gilashin ido da ba na gani da shi. Rekiya matata ta tare ni a bakin zaure.

"Malam, ina zuwa da hular Sallah ranar Talata?"

"Aikin al'umma."

"Al'ummar ta san kana tafe?"

Na hau ɗan acaɓa sai Jajaye.

Na iske ƙofar gidan Malam Sulle cike, ana tsinkar gyaɗa a gindin mangwaro, maza a gefe, tsofaffin mata a gefe, harawa tsibi-tsibi. Muka gaisa da shi. Ya tambayi Rekiya, ya tambayi Hanif, ya tambayi kasuwa, ya tambayi hanya, ya tambayi ɗan acaɓan da ya kawo ni. Ina amsawa ina leƙen fuskarsa. Babu alamar ya ji komai. Wayar kuwa ga ta nan ta turo aljihun gabansa.

Na miƙe na gyara gilashi.

"Jama'a, akwai wanda wayarsa ke saurin shan caji?"

Hannuwa suka tashi. Dama wace waya ce ba ta shan caji?

"To maganganu ne suka cushe a cikinta. Duk wanda ya kira ka bai same ka ba, maganarsa na nan kwance kamar dusa a gindin rumbu. Ita ke cinye batir. Ni kuwa na yi kwas a kan kwashe ta. Yau kyauta zan yi wa mutanen Jajaye, saboda surukuta."

"Allah ya saka, Injiniya!" wani ya ce. Injiniya! Na ji sunan ya zauna mini kamar an gwada.

Wanda ya fara miƙo tasa wani dattijo ne mai akuyoyi, Baba Bahauddeen. Da na yi aikina shiru a kunne, da an rabu lafiya. Amma ina amfanin mutum ya iya magana da Baturiya in ba wanda ya ji? Na sa ta a hansfiri yadda kowa zai ji, na ɗaga sama. Matar ta fara Turancinta, ni kuma ina gyaɗa kai.

"Yas, madan. Oke. Oke, madan."

"Kai! Har tana amsa masa," in ji wata tsohuwa.

Sai ga muryar wata mata ta fito raɗau: "Salamu alaikum. Baiwar Allah, ke ce wa? Ina mai wayar? Ki ce masa yayarsa ce ta Yammedi. Baiwar Allah? To, wannan ba ta jin Hausa, kuma ba ta iya gaisuwa ba."

Wuri ya kaure da dariya. Na danna bakwai, na goge fuskar wayar da ƙyalle, na miƙa masa. Baba Bahauddeen ya auna ta a tafin hannu ya rantse ta rage nauyi.

Na biyu wani ƙato ne mai suna Audu, wanda ya fi kowa dariya. Na kira, na yi wa madan oke, saƙo ya buɗe. Murya ta fito, kuma duk wanda ke wurin ya juya ya kalli Baba Bahauddeen, domin tasa ce.

"Bai ɗauka ba, alhamdulillahi. Ku yi maza ku koro akuyoyin nan daga cikin wakensa. Innalillahi, sun share kunya biyar! In ya tambaya ku ce birai ne."

Audu ya miƙe a hankali.

"Birai, Baba?"

"Ɗana, ka san murya kan yi kama..."

"Ni da na yi sati uku ina zaman gadin biri da gwafa? Har mutum-mutumi na kafa, na sa masa rigata mai kyau!"

"To ai ka ga tun da ka kafa shi ba su dawo ba."

Na danna bakwai da sauri, amma magana zarar bunu ce. Ana riƙe Audu, wata mai ƙuli-ƙuli da ake kira Barira tana dariya har da riƙe ciki, ta cusa mini tata wayar.

"Injiniya, duba mini tawa. Ni ba ni da abokin faɗa."

Saƙonta na buɗewa sai ga muryar Audu.

"Ba ta ɗauka ba. Gara ma. Ce mata za a yi a fasa ƙuli-ƙulin sunan nan. Wancan da ta kawo, da shi na jefi karen gidan liman, har yau ɗingishi yake."

Barira ta ajiye faranti ta ɗaure gyale a ƙugu.

"Audu, ƙuli-ƙulina ne ya karya kare?"

"Yabo ne, Yaya Barira. Ƙarko nake nufi."

"Zo in gwada ƙarkon a goshinka!"

Ni a zatona daga nan kowa zai ɓoye wayarsa. Ina! Ashe babu abin da ɗan'adam ke so kamar ya ji abin da aka faɗa a bayansa. Layi ya miƙe har bakin rijiya. Aka bar gyaɗa a ƙasa kaji suna biki. Masu wucewa a babur suka tsaya. Kafin rana ta take tsaka na tona wanda ya ce yana Kano alhali ana jin zakaran gidansa, na tona wadda ta ce miyar maƙwabciyarta ko akuya sai da lallashi, na raba abokai biyu, na haɗa wasu biyu da suka gano mutum ɗaya ne yake zaginsu. Ni kuwa sai "oke, madan" nake, gumi na bin gilashi, idona na kan aljihun Malam Sulle.

Shi ko yana zaune a kan buzunsa yana tsinkar gyaɗa kamar ba a garin ake yi ba.

"Malam, saura taka," na ce.

Ya yi gyaran murya sau biyu. "Tawa lafiyarta ƙalau. Sati take yi ba caji."

"Ai irin wannan ta fi haɗari. Ciwon da ba ya nuna alama ke nan."

Ya dube ni, ya dubi taron, ya zaro ta. Wata jibgegiyar waya ce mai madannai, an naɗe ta da kyauro kamar ƙafar da ta karye, bayanta duk ramukan lasifika. Na karɓa da hannu biyu. Na ji zuciyata ta ce, Liti, ka ci gari.

"Bari in zaga bayan rumbu, sabis ya fi ƙarfi a can."

"A'a!" Audu ne ya tare hanya. "Namu a bainar jama'a, na Malam a bayan rumbu?"

"A nan aka yanka mu, a nan za a yanka kowa," in ji Barira.

"Gaskiya ne," Baba Bahauddeen ya ce. Mutanen da ke shirin cin naman juna ɗazu, ga su sun haɗa kai a kaina.

"Ba sai ka wahala ba ma," in ji Malam Sulle. "Saboda kunnena aka saita ta. Ko ka kai ta bayan rumbu, har masallaci ana ji."

Na yi lissafi cikin sauri. Saƙo na farawa zan danna bakwai, kafin a gane murya ya mutu. Na kira. Madan ta yi Turancinta, wannan karon ban ce mata oke ba. Na ɗora babban yatsa a kan bakwai.

"Ya ƙi ɗauka, tsohon nan..."

Na danna.

"Ya ƙi ɗauka, tsohon nan..."

Na sake dannawa da ƙarfi.

"Ya ƙi ɗauka, tsohon nan..."

"Wannan murya kamar na san ta," in ji Barira.

"Murya kan yi kama," na ce.

"Haka ni ma na ce ɗazu," in ji Baba Bahauddeen, "ba a yarda ba."

Na danna tara, madan ta yi wata gajeriyar magana mai daɗi kamar tana godiya, saƙo ya ci gaba. Na danna jan madanni, ashe ya daɗe da shafewa, rami ne kawai. Na juya ta zan cire batir, kyauro ya ce bismillah, ƙulli bakwai. Ina ta fama da farce, ni kuma ga ni can a cikin waya ina tari: "Ehem, ehem! To, a zamaninmu, gyaɗa ɗaya sai mutum biyu sun ɗauka!" Bayan muryata ana jin 'yan majalisar Karaye suna shewa.

Na cusa ta cikin buhun gyaɗa. Buhu ya ɗauki magana. Na zaro ta, na cire zannata ta Sallah, hular da ko ruwan sama ban yarda ya taɓa ba, na jefa wayar ciki na zauna a kai. Jama'a, ban san wanda ya ƙera wayar nan ba, amma Allah ya isa. Daga ƙarƙashina, tas kamar sanarwar masallaci, aka ji:

"Kunun gyaɗa kuwa? Ai nuna wa tukunyar gyaɗar aka yi daga nesa. Na leƙa kofin na hango fuskata har da hula!"

Wata tsohuwa da ke cikin matan ta ajiye gyaɗar hannunta, ta karkaɗe zane, ta shige gida.

"Wace ce waccan?" na tambayi Audu da raɗa.

"Inna Kande. Uwar Sadiƙa. Ita ta dama."

Sai kuma maganar ƙarshe ta fito, wadda na manta ma na yi ta: "Ai alfarma na yi musu da na ba su ɗa kamar Hanif."

Dariya ta ɗauke ɗif. Ko kajin sun daina tsattsaga. A nan ne na tuna da Hanif, yadda ya yi wata shida yana zuwa Jajaye a kan babur ɗin aro, yadda ya riga ya shafe ɗakinsa da farar ƙasa.

Malam Sulle ya ɗago kai. Ya yi gyaran murya. Sau biyu.

"To, a zamaninmu..."

Wani ya fashe. Shi ke nan, wuri ya rushe. Audu ya faɗi kan harawa yana dukan ƙasa, Barira ta toshe baki da gyale tana hawaye. Malam Sulle ya jira har suka lafa, ko gezau.

"Tarin ka yi shi daidai, Malam Liti. Tashi ka ba ni wayata."

Na tashi. Na zaro ta daga abin da a da ake kira hula, yanzu kuwa ya koma faifai. Na durƙusa a gabansa kai ba hula, rana na dukan sanƙon da ko 'yan majalisa ba su san ina da shi ba.

"Malam, baki ne. Ka san baki shi ke yanka wuya. Yaron nan ba shi da laifi."

"Alfarmar nan fa? Ko za ka mayar da abarka?"

"Ni ake yi wa alfarma, Malam. Wallahi ni ake yi wa."

Kafin ya amsa sai ga Inna Kande da wata ƙwarya da sai da ta riƙe ta da hannu biyu. Ta dire a gabana. Kunun gyaɗa ne, ludayi a tsaye a tsakiyarsa kamar an dasa.

"Leƙa ka gani ko za ka hango fuskarka."

"Inna, na ƙoshi..."

"Ai ba tayi na yi maka ba."

Na sha. Jajaye kaf ta kewaye ni tana ƙirga ludayi. A na ashirin na ji gumi, a na talatin na daina jin ƙafafuna. Barira ta miƙo ƙuli-ƙuli ta ce in haɗa da shi, Audu ya ce kada a yi kisan kai. Da na ga gindin ƙwarya sai Malam Sulle ya yi magana.

"Mun yi bincike a kan Hanif tun kafin ku zo. Yaron kirki ne. An ce mana uwarsa ya biyo, yau mun tabbatar. Za a sa rana. Amma sharaɗi ɗaya: ranar ɗaurin aure ba za ka ce komai ba. Ko amin, a zuci."

Ni da na yi wata biyu ina haddace jawabi, har da baiti!

"Sannan wannan saƙo," ya ce yana shafa wayar, "yaya ake ajiye shi kada ya ɓace?"

Wani malamin makaranta da ke cikin taron ya karɓa ya saurara ya ce, "Ai an riga an ajiye, Baba. Injiniya ya danna tara."

Da na dawo Karaye, kai ba hula, ciki kamar tulu, na wuce rumfar Nuruddeen na kama shi da faɗa. Ya bari na gama.

"Kawu, abu biyu na ce ka tsaya ka ji. Na ɗaya, layin Malam Sulle ba irin naka ba ne, kowane kamfani da lambarsa ta gogewa. Na biyu, a irin layinsa, saƙon da ba a buɗe ba, in ya kwana biyu shi yake gogewa da kansa. Malam Sulle ya ma san yana da akwati?"

Rekiya kuwa labari ya riga ni isa gida. Ta dubi hular ta ce, "Sannu da aikin al'umma." Hanif ya yi kwana uku yana gaishe ni ba ya ɗago kai, a na huɗu ya roƙe ni don girman Allah in daina kiran kowa a Rogo.

An ɗaura aure bayan kaka. Na zauna a sahun gaba da sabuwar hula, bakina cike da dabino don kada ya yi aikinsa. Da aka shafa fatiha sai wani baƙo da bai san zance ba ya ɗaga murya: "Uban ango ba zai ce komai ba ne?"

Malam Sulle ya yi gyaran murya sau biyu, ya ɗaga wayar nan mai kyauro sama.

"Ya riga ya yi jawabinsa. Yana nan a ajiye, in akwai mai son ji."

Hannuwa sun fi talatin.

To, har yanzu ina riƙe da Baturiyar nan a zuciya, kada ku ce na yafe. Sai dai in za a bi gaskiya, baiwar Allah ba ta ƙara ko wasali a kan abin da na faɗa ba. Ita cewa ta yi in bar saƙo, ni na bari. Tana zaune da shi shiru, ba ta gaya wa kowa ba, har ta kusa zubarwa. Ni na biya ɗan acaɓa, na sa hular Sallah, na tara mata gari guda, na ɗaga ta sama da hannuna na ce ta faɗa.